Hannun jari a kamfanin hular kwano: abin da ya faru da Mips na ƙasar Suwidin

Mutumin da ya sayi hannun jarin kamfanin Mips ranar da aka fara cinikinsa a kasuwar hannayen jari ta birnin Stockholm, cikin watan Maris na shekara ta 2017, ya ga kuɗinsa sun ninka har sau 25 kafin a cika shekaru biyar. Wanda kuma ya shiga a ƙarshen shekara ta 2021 ya wayi gari, bayan watanni tara kacal, fiye da kashi biyu bisa uku na jarinsa sun zube. Kamfanin ɗaya ne, kayan da yake sayarwa ba su canza ba, kuma ba wata almundahana aka bankaɗo ba.

Wannan ne ya sa kamfanin na ƙasar Suwidin ya zama abin nazari ga duk mai sha'awar zuba jari a harkar kayan kariya na wasanni, harkar da ta bunƙasa tun bayan da likitoci da kotuna da iyayen yara a ƙasashen Yamma suka fara ɗaukar buguwar kai a filin wasa da muhimmanci.

Daga asibiti zuwa kasuwa

A tsakiyar shekarun 1990 wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa na asibitin Karolinska, Hans von Holst, ya damu da yadda ake kawo masa mutanen da suka faɗi sanye da hular kwano, ƙoƙon kai bai fashe ba amma ƙwaƙwalwa ta ji rauni. Ya nemi haɗin kan injiniyoyin cibiyar nazarin fasaha ta KTH da ke Stockholm, inda ya fara aiki da wani matashin mai bincike, Peter Halldin.

Abin da suka lura da shi ba mai wuyar ganewa ba ne. Gwajin da hukumomi ke yi wa hular kwano a wancan lokaci shi ne a sako ta daga sama ta faɗi tsaye a kan dandamali, a auna ƙarfin bugun. To amma ba kasafai ɗan Adam ke faɗuwa haka ba. Mai keke ko mahayin doki yakan bugi ƙasa ne a karkace, yana cikin gudu, kai ya murɗa farat ɗaya, ita kuwa ƙwaƙwalwa murɗawar ta fi yi mata illa fiye da bugu kai tsaye. Dabarar da suka fito da ita ita ce wani siririn faifan roba mai santsi da ake liƙawa a cikin hular, wanda ke ba ta damar zamewa kamar milimita 10 zuwa 15 a daidai lokacin bugun, ta yadda wani ɓangare na ƙarfin murɗawar ba zai isa ƙwaƙwalwa ba.

An kafa kamfanin a 2001, kuma hula ta farko mai ɗauke da wannan fasaha, wadda aka yi domin mahaya dawaki, ta fito a 2007. Daga wajen shekara ta 2010 ne kamfanin ya ɗauki salon da ya azurta shi: ya bar ƙera hula da kansa, ya koma sayar wa masu ƙera hula lasisi da kuma faifan. Kamfanoni irin su Giro da Bell da Specialized da Scott da Fox su ke ƙera hular, su sayar da sunansu, sai dai a bayanta akan ga ɗan ɗigo ruwan ɗorawa mai ɗauke da sunan Mips. Shi kansa faifan, masana'antu ne na ƙasar Sin ke buga shi bisa kwangila.

Wannan tsari shi ne sirrin ribar. Har zuwa 2024 kamfanin ba shi da masana'anta, ba shi da shaguna, ma'aikatansa ba su wuce 100 da 'yan kai ba. A 2021 ya sayar da fasaharsa ga huluna fiye da miliyan 12, ya yi cinikin kurona miliyan 608, wato kusan kurona 50 a kan kowace hula, dala biyar zuwa shida ke nan a canjin wancan lokaci. Daga cikin wannan ciniki fiye da rabi riba ce kafin a cire haraji. Kaɗan ne daga cikin kamfanonin da ke sayar da kayan da ake taɓawa da hannu suke samun irin wannan.

Shekarun korona

An fara sayar da hannun jarin a kan kurona 46 kowane ɗaya. Cinikin kamfanin a 2017 kurona miliyan 126 ne, ya kai miliyan 193 a 2018, sannan miliyan 268 a 2019. Bunƙasa ce ta gaske, wadda ta samo asali daga yadda masu ƙera hula ke ƙara yawan samfuran da suke sa wa faifan, da kuma yadda jami'ar Virginia Tech ta Amurka, wadda ta fara ba hulunan keke taurari a 2018, ta riƙa sanya masu fasahar rage murɗawa a sahun gaba.

Sai annobar korona ta zo. An rufe wuraren motsa jiki, mutane suka ƙaurace wa bas da jirgin ƙasa, gwamnatocin Turai da Amurka suka raba kuɗin tallafi, jama'a kuma suka yi cincirindo a shagunan keke har kaya suka yanke. Duk wanda ya sayi keke yana bukatar hula. Cinikin Mips ya tashi zuwa miliyan 365 a 2020, ya kuma ƙaru da kashi 67 cikin 100 a 2021. A ƙarshen wannan shekara farashin hannun jarin ya kusa kurona 1,200, darajar kamfanin baki ɗaya ta haura kurona miliyan dubu 30.

A nan ne ya kamata mai lissafi ya tsaya. Ribar da ta faɗa wa kowane hannun jari a 2021 ba ta kai kurona 10 ba. Ma'ana, mai saye a wannan farashi yana biyan fiye da ninki 100 na ribar shekara guda, kuma ba ribar kowace irin shekara ba, ribar shekarar da ba a taɓa ganin kamarta ba a tarihin kasuwar keke. Farashin zai yi ma'ana ne kawai idan bunƙasar ta ɗore shekaru da dama ba tare da tuntuɓe ba. Su kansu shugabannin kamfanin, ƙarƙashin Max Strandwitz wanda ya karɓi ragama a 2019, sun ƙarfafa wannan fata: a watan Yuni na 2022 suka sanar da burin kai ciniki sama da kurona miliyan dubu biyu kafin ƙarshen 2027.

Watanni uku bayan haka, a watan Satumba, kamfanin ya gargaɗi masu hannun jari cewa ciniki ya ja baya. A rubu'i na uku na 2022 ya ragu da kusan kashi 40 cikin 100 idan aka kwatanta da na shekarar da ta gabata.

Yadda rumbuna suka cika

Abin da ya faru ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne haɗarin da mai kallo daga nesa ba ya gani. Mutane ba su daina sa hula ba. Amma lokacin da kaya suka yi ƙaranci a 2020 da 2021, kowane mai shago ya yi odar fiye da abin da yake bukata don gudun kada a bar shi hannu rabbana. 'Yan sari suka ga odar shaguna ta ƙaru, su ma suka ƙara tasu. Masu ƙera hula suka ga haka, suka ninka abin da suke nema daga masana'antu. Mips yana can ƙarshen wannan jeri ne, domin ana biyansa ne lokacin da ake ƙera hula, watanni kafin ta isa kan mai keke. Sakamakon tsaikon jiragen ruwa, kayan suka iso a makare kuma a tare, daidai lokacin da aka ɗage dokar kulle, farashin abinci da makamashi ya hau, mutanen da ke son keke kuma sun riga sun saya.

Mai shagon da rumbunsa ya cika ba rage oda yake yi ba, dakatar da ita yake yi ɗungurungum har sai ya sayar da abin da ke hannunsa. Saboda haka ƙaramin ja baya a gaban kanta yakan zama babban giɓi ga wanda ke nesa da kantar. Cinikin Mips ya sauka zuwa kurona miliyan 563 a 2022, sannan miliyan 357 a 2023, ƙasa ma da na 2020. Ribar da ta haura rabin ciniki ta dawo kusan kashi ɗaya bisa biyar.

Ba shi kaɗai abin ya shafa ba. Cinikin kayan keke na kamfanin Shimano na Japan ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100 a 2023. A watan Oktoba na wannan shekara babban kantin sayar da kayan keke ta intanet na Birtaniya, Wiggle, ya durƙushe. Hannun jarin Peloton, mai sayar da kekunan motsa jiki na cikin gida, ya faɗo daga sama da dala 160 a farkon 2021 zuwa ƙasa da dala 10 a 2022.

Kazalika akwai batun kuɗin ruwa. Babban bankin Suwidin ya ɗaga nasa daga sifili a farkon 2022 zuwa kashi 4 cikin 100 a watan Satumba na 2023, na Amurka kuma ya haura kashi 5. Lokacin da ajiya a banki ba ta kawo komai, masu jari sun yarda su biya tsada don ribar da ake sa rai nan da shekaru goma. Da kuɗin ruwa ya hau sai wannan haƙuri ya ƙare. Bugu biyu ke nan a lokaci guda: ribar ta ragu, sannan abin da kasuwa ke shirye ta biya a kan kowace kurona ta ribar shi ma ya ragu.

Ciniki ya farfaɗo a 2024, inda ya kai kurona miliyan 483. Amma a ƙarshen wannan shekara farashin hannun jarin bai kai rabin na ƙarshen 2021 ba, alhali kuwa ya ninka farashin 2017 kusan sau goma. Rabon riba ma haka ya kasance. Kurona 5 da aka raba a kan kowane hannun jari bayan shekarar 2021 ba su kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin wanda ya saya a ƙololuwa ba, amma kurona 6 da aka raba bayan 2023 sun kai kashi 13 cikin 100 na abin da mai sayen farko ya biya.

Masu karatu a Najeriya da suka zuba kuɗi a hannayen jarin bankuna kafin watan Maris na 2008 sun san irin wannan faɗuwa, domin kasuwar Legas ta yi asarar kusan kashi 70 cikin 100 cikin shekara guda. Sai dai akwai bambanci mai muhimmanci. A Najeriya an tarar da ɓarna a cikin wasu bankunan, har babban banki ƙarƙashin Sanusi Lamiɗo Sanusi ya sauke shugabannin biyar daga cikinsu a watan Agusta na 2009. Shi kuwa Mips bai yi asara ba ko a mafi munin shekarunsa, har zuwa ƙarshen 2024 ba shi da bashin banki, bai kuma fasa raba riba ba. Asarar da masu jarinsa suka yi ta fito ne daga farashin da suka biya.

Haɗurran da suka keɓanta da wannan harka

Ana yawan ɗauka cewa kayan kariya ba sa kwantai, tun da babu uban da zai yi ciniki da kan ɗansa. Tarihin kamfanin Vicis na birnin Seattle a Amurka ya nuna akasin haka. Kamfanin ya ƙera hular ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka wadda ta zo ta ɗaya a gwajin hukumar NFL da ƙungiyar 'yan wasanta shekaru uku a jere, daga 2017 zuwa 2019. Ya tara jarin fiye da dala miliyan 85, ciki har da na shahararrun 'yan wasa. Amma hular ta yi tsada, kasuwar ƙwararru ƙarama ce, makarantu kuma ba sa sauya huluna kowace shekara. A watan Disamba na 2019 kuɗi suka ƙare, aka miƙa kamfanin ga mai kula da kadarori, aka kuma sayar da abin da ya mallaka a 2020 kan ƙasa da dala miliyan uku. Ingancin hular bai ceci masu jarin ba.

Sai kuma kotu. Duk wanda ya sayar da kariya ya ɗauki alkawari, ko ya furta ko bai furta ba. A 2013 wata kotu a jihar Colorado ta samu kamfanin Riddell, babban mai ƙera hular zari-ruga, da laifin rashin yin cikakken gargaɗi game da haɗarin jijjigar ƙwaƙwalwa, inda kasonsa na diyya ya kai kimanin dala miliyan uku. A wannan shekarar ce hukumar NFL ta amince da biyan tsofaffin 'yan wasa dala miliyan 765, adadin da daga baya aka cire masa iyaka. Wannan ne ya sa masu ƙera kayan kariya ke taka tsantsan da kalmominsu; babu mai cewa hularsa tana hana jijjigar ƙwaƙwalwa, sai dai a ce tana iya rage ƙarfin bugu. Akwai kuma masu jayayya cewa gashi da fatar kai da ma suna zamewa a ƙarƙashin hula, don haka amfanin faifan a kan titi ba lallai ya kai wanda ake gani a ɗakin gwaji ba.

Babban abin da Mips ya mallaka shi ne haƙƙin ƙirƙira da kuma sunansa. Haƙƙin ƙirƙira wa'adinsa shekaru 20 ne, don haka waɗanda aka yi wa rajista a farkon shekarun 2010 za su ƙare a farkon shekarun 2030. Abokan cinikinsa kuma su ne suka fi kowa iya zama abokan hamayyarsa. Kamfanin POC ya fito da tasa dabarar a 2017 kafin ya dawo wa Mips a 2019, kamfanin Trek kuma ya ƙaddamar da wata fasaha mai suna WaveCel a 2019. Duk mai biyan kurona 50 a kan kowace hula yana da dalilin neman hanyar daina biya.

Dokoki ma takobi ne mai kaifi biyu. Sabon ma'aunin Turai na hular babur, wanda ya fara aiki mataki mataki daga 2022, ya ƙunshi gwajin bugu a karkace. Wannan ya gaskata abin da likita von Holst ya daɗe yana faɗa. To amma ma'aunin bai ce sai da faifan Mips za a ci gwajin ba, kuma idan kowace hula ta cika sharaɗin, mai saye zai iya tambayar dalilin ƙarin kuɗi. A 2025 kuma harajin kwastan da Amurka ta ɗora wa kayan ƙasar Sin, wanda ya kai kashi 145 cikin 100 a watan Afrilu kafin a sassauta shi a watan Mayu, ya tuna wa masu jari cewa kamfanin da ake buga kayansa a Sin, mafi yawan abokan cinikinsa kuma na Arewacin Amurka ne, yana tsakanin giwaye biyu.

Masu kyakkyawan fata kan yi nuni da ɗaruruwan miliyoyin babura da ke ƙasashen Asiya da Afirka. Yawan kai ba shi ne yawan kasuwa ba. A watan Janairu na 2009, lokacin da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta tilasta sa hular kwano, an ga wasu 'yan acaɓa a Kano sun kifa ƙwarya a ka. Inda hular kanta ta zama nauyi ga aljihu, ƙarin dala biyar na faifai ba shi da masayi. Shi ya sa kamfanin ya fi mai da hankali ga hular ma'aikatan gine-gine a Amurka da Turai, inda kamfanoni ne ke saye ba ɗaiɗaikun mutane ba, ko da yake har zuwa 2024 wannan ɓangare ƙarami ne ƙwarai, kusan kashi tara bisa goma na ciniki daga wasanni yake fitowa.

Ga mai jarin da ke auna halaccin hannun jari a shari'ance, kamfani irin wannan ba shi da wuyar sha'ani ta fuskar sana'a, domin kare rai yake sayarwa. Ma'aunin hukumar AAOIFI mai mazauni a Bahrain ya tanadi cewa bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa, haka ma ajiya mai ruwa, sannan kuɗin shiga daga haramtacciyar hanya kada ya wuce kashi 5, wanda kuma dole a fitar da shi daga riba. Ana duba waɗannan alƙaluma ne lokaci zuwa lokaci, domin suna sauyawa da zarar kamfani ya ci bashi ko farashinsa ya faɗi. Sai dai ma'aunin halacci yake dubawa, bai ce komai ba game da tsada ko araha.

Shugabannin Mips dai ba su janye burinsu na cinikin kurona miliyan dubu biyu ba bayan faɗuwar, wa'adin kawai suka ɗage daga 2027 zuwa 2029. Daga miliyan 483 na 2024, cim ma wannan adadi na bukatar ciniki ya ninka fiye da sau huɗu cikin shekaru biyar, wato ƙarin kusan kashi 33 cikin 100 kowace shekara ba fashi. Tsakanin 2017 da 2021 kamfanin ya yi abin da ya fi haka, amma ya fara ne daga miliyan 126, kuma biyu daga cikin waɗannan shekaru na korona ne.